Fina-finan Almara Mai Duhu da Masu 'Yan Ga-ni-kashe-ni: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya gaji da fim ɗin da tun daga minti na goma ka san akta ba zai mutu ba kuma bos zai sha kashi, wata rana sai ya faɗo wannan layin. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin shiga suka fi maimaitawa. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa waɗanda sai mutum ya ɗan yi nisa a kallo suke taso masa.

1. Me ake nufi da almara mai duhu, kuma ina ta bambanta da fim ɗin ban tsoro?

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya tuna tatsuniyar kakarsa kafin a gyara ta a saka a littafin firamare. A can Dodo yana cin mutum da gaske, kishiyar uwa tana tura marainiya kogin da ba a dawowa, wanda ya karya sharaɗin aljani kuma ba ya tsira da ban haƙuri. Almara mai duhu ita ce irin wannan labarin idan aka ɗora shi a majigi: akwai wata duniya mai nata dokoki, akwai sihiri da halittun da ido bai saba gani ba, amma ba a yi wa mai kallo alkawarin ƙarshe mai daɗi ba. Duk abin da jarumi ya samu sai ya biya kuɗinsa, wani lokaci da ransa.

Fim ɗin ban tsoro burinsa ya razana ka, ka zabura, ka kasa fita tsakar gida da dare. Wannan kuwa burinsa ya shigar da kai cikin wata duniya ka zauna. Tsoron yana nan, amma tare da mamaki da tausayi. Kuma a mafi kyawunsu, abin da ya fi ban tsoro ba dodon ba ne, ɗan Adam ɗin da ke gefensa ne. Za a ga misalin haka a tambaya ta 4 da ta 5.

2. Na ga ana kiran wasu da "cult". Labarin ƙungiyar asiri ne ke nan?

A'a, kuma wannan ruɗanin ya fi yawa a wajenmu saboda abin da kalmar take nufi a jami'o'i da jaridun Nijeriya. A harshen masu fim, ana nufin fim ɗin da bai samu karɓuwa wurin jama'a ba lokacin da ya fito, amma ya samu wasu tsirarun masoya 'yan ga-ni-kashe-ni da suka riƙe shi, suna maimaita kallo, suna haddace maganganunsa, suna tallata shi baki da baki har ya rayu shekaru bayan an manta da waɗanda suka fi shi ciniki. Masoyan ake siffantawa, ba abin da ke cikin labarin ba.

Al'adar ta yi ƙarfi ne a silimun Amurka da ke nuna fim da tsakar dare. A ƙarshen 1970 wani silima a Niyok mai suna Elgin ya riƙa nuna El Topo na Alejandro Jodorowsky a irin wannan lokacin, aka yi watanni ana cika. Daga baya The Rocky Horror Picture Show na 1975 ya zama sarkin wannan fage, inda 'yan kallo ke zuwa sanye da kayan 'yan wasan suna mayar wa majigi magana, sai Eraserhead na David Lynch a 1977. Na ambace su don tarihi kawai. Biyun farko cike suke da abubuwan da yawancinmu ba za mu iya zama mu kalla ba, na ukun kuma sai mai haƙurin gaske.

3. To ta yaya fim ɗin da ya faɗi a kasuwa yake dawowa ya zama abin so?

Kaset ɗin bidiyo ne ya ceci yawancinsu, sai talabijin. A ranar 25 ga Yunin 1982 aka saki Blade Runner da The Thing a Amurka, mako biyu bayan E.T. ya fito ya kwashe 'yan kallo. Duka biyun suka sha ƙasa, yau kuma ana lissafa su cikin manya. Labyrinth na 1986 ya ci kusan dala miliyan 25, abin da ya dawo da shi a silimun Amurka bai wuce rabin haka ba sosai. Yaran da suka same shi a kaset a gida, suka yi ta juya shi har ya fara cin zare, su ne suka girma suka ɗaga shi. Wanda ya yi zamanin shagon haya da gidan kallo ya san yadda abin yake: akwai kaset ɗin da kullum ka je sai a ce yana hannu.

4. Da wanne ya kamata in fara?

Pan's Labyrinth na 2006, na Guillermo del Toro ɗan Meziko. Da harshen Sifaniyanci aka yi shi. Labarin yana faruwa a Sifaniya a 1944, shekara biyar bayan yaƙin basasar da ya kawo Janar Franco kan mulki. Wata yarinya, Ofelia, ta bi mahaifiyarta mai tsohon ciki zuwa wani tsohon gidan niƙa a daji, inda sabon mijin uwar, Kyaftin Vidal, yake farautar 'yan tawayen da suka rage a tsaunuka. Agola ce a gidan wanda ba ya ƙaunar ganinta. Ɗan da ke cikin cikin kaɗai ya dame shi. A bayan gidan akwai wani kangon dutse mai hanyoyi a murɗe, a nan ta haɗu da wata halitta mai ƙaho da ƙafafun akuya, wadda ta ce mata ita 'yar sarkin duniyar ƙarƙashin ƙasa ce, kuma sai ta cika ayyuka uku kafin ta koma gida.

Wanda ya tashi da tatsuniya zai gane ginin nan take: aiki uku, da sharaɗin kada a taɓa abinci, da yarinyar da ta karya sharaɗin. Wurin da ta shiga ɗakin wani farin dodo mai idanu a tafin hannu, zaune gaban teburi shaƙe da abinci, ta tsinki inabi biyu ta ci, yana cikin wuraren da ba sa fita daga kai. Amma ka lura da yadda aka ɗauki teburin Vidal lokacin da yake cin abinci da manyan gari alhali ana raba wa talakawa burodi da kati. Zaman iri ɗaya ne, shugaban teburi da murhu a bayansa. Darakta bai ce komai ba, ya bar maka ka haɗa.

Fim ɗin ya ci Oska uku, na ɗaukar hoto da tsara wuri da kwalliya. Ba na yara ba ne ko kaɗan (duba tambaya ta 8). Idan ya yi maka, nemi yayansa, The Devil's Backbone na 2001, labarin gidan marayu a ƙarshen yaƙin, da bam ɗin da ya faɗo tsakar gida bai fashe ba aka bar shi a kafe.

5. Ni ɗan kallon Indiya ne. Akwai irinsu a can?

Akwai, kuma ka riga ka ga wasu ba tare da ka san sunan layin ba. Nagin na 1976, macijiyar da ke rikiɗa tana bin waɗanda suka kashe mata masoyi ɗaya bayan ɗaya, da Nagina na 1986 inda Sridevi ta yi rawar maciji gaban Amrish Puri, duk 'yan gidan nan ne. Haka fina-finan 'yan'uwan Ramsay irin su Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988, waɗanda aka yi da kuɗi kaɗan, masu sharhi suka raina, masoya kuma suka ƙi saki.

Amma wanda nake tura kowa gare shi shi ne Tumbbad na 2018, na Rahi Anil Barve, Sohum Shah ne jarumin. Wani ƙauye ne a Maharashtra da ruwan sama ba ya ɗaukewa. A almarar fim ɗin, Hastar ɗan farin uwar arziki ne, ya kwashe zinarenta, ya miƙa hannu zai kwashe hatsi sauran 'ya'yanta suka far masa, uwar ta ɓoye shi a cikinta bisa sharaɗin kada a sake ambatonsa. Vinayak, jarumin labarin, ya gano hanyar shiga wurin. Yana sauka da igiya, ya zagaye kansa da garin alkama, ya jefa wa Hastar 'yar tsanar ƙullu, yayin da yunwa ta shagaltar da shi sai ya fizgi zinare ya gudu. Ya yi sau ɗaya ya tsira, ya mayar da abin sana'a, har ya koya wa ɗansa. Labarin ya taso daga 1918 zuwa 1947, shekarar 'yancin Indiya. Bahaushe ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala, to a nan har da mabuɗin na ƙarfe da ƙofar za ka gani. Babu rawar fure a lambu. Lokacin da ya fara fitowa cinikinsa bai taka kara ya karya ba. Da aka sake sakinsa a 2024 sai ya tara fiye da na farko, wato abin da aka bayyana a tambaya ta 3 ya faru a idonmu.

6. Afirka fa? Ko sai dai mu yi ta kallon dodannin wasu?

Yeelen na Souleymane Cissé ɗan Mali, 1987, ya ci kyautar alƙalai a bikin Kan na Faransa a shekarar. Sunan yana nufin haske da Bambaranci. Saurayi ne, Nianankoro, yake gudun mahaifinsa Soma, babban mai asiri na ƙungiyar Komo, wanda ya rantse sai ya kashe shi. Uban yana bin sawunsa da wata ƙatuwar taɓarya ta tsafi da mutum biyu ke ɗauke da ita tana jan su. A hanya yaron ya faɗa ƙasar wani sarkin Fulani, ya kore masa mahara da ƙudan zuma, daga nan ya wuce duwatsun Dogon wurin baffansa makaho. Babu na'urar siddabaru a ciki, rana ce da ƙasa da fuskokin mutane, amma sihirin ya fi na fina-finai masu tsada kama da gaske, domin an ɗauke shi yadda mutanen labarin suke ɗaukarsa. Yana tafiya a hankali. Kada ka kalle shi kana latsa waya.

Na kusa-kusa akwai Atlantics na Mati Diop, 2019, da Wolofanci: leburorin gini a Dakar da aka hana albashin watanni suka hau kwalekwale zuwa Turai, teku ta cinye su, sai suka dawo cikin jikin 'yan matan unguwa da dare suna bin mai ginin bashin haƙƙinsu. Akwai Mami Wata na C.J. Obasi, 2023, baƙi da fari, da Turancin Buroka, wanda ya samu kyautar ɗaukar hoto a bikin Sundance.

Wanda ya fi kusa da gida shi ne Sarraounia na Med Hondo, 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani ɗan Nijar. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ne, a yankin Dogon Dutsi, da ta tsaya wa rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899. Fim ɗin tarihi ne, ba almara ba, amma tsoron asirinta da ya shiga zukatan sojojin haya yana cikin ƙashin bayan labarin. Ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1987.

7. Me ya sa kullum sai an ambaci shekarun 1980?

Domin a lokacin ne manyan kamfanoni suka zuba kuɗi a irin wannan, kuma kwamfuta ba ta karɓe aikin ba tukuna. Duk dodon da ka gani an ƙera shi ne da roba da gashi da waya, akwai mutum a ciki yana zufa. The Dark Crystal na 1982, na Jim Henson da Frank Oz, babu fuskar ɗan Adam ko ɗaya a ciki, duka 'yan tsana ne, kuma miyagun, masu kama da ungulu cikin rigunan sarauta, suna tatse ran bayinsu su sha don su koma samari. A Labyrinth, David Bowie ne sarkin dodanni, Jennifer Connelly kuma yarinyar da ta yi fatan a ɗauke ƙaninta don ya dame ta da kuka, aka ɗauke, aka ba ta awa 13 ta karɓo shi. Shi ne dogon fim na ƙarshe da Henson ya ba da umarni kafin rasuwarsa a 1990.

Sai The NeverEnding Story na 1984 da aka yi a Jamus, wanda marubucin littafin, Michael Ende, ya tsana har ya kai ƙara kotu, da Return to Oz na 1985 mai gimbiyar da ke ajiye kawunan mata a kabad tana sauyawa kamar ɗankwali. Legend na Ridley Scott, gaskiya, labarinsa ba shi da ƙarfi kuma Tom Cruise bai san abin da zai yi da kansa ba a ciki. Ana komawa gare shi ne saboda dajin da aka gina a ɗakin ɗauka da kuma Tim Curry cikin jan fenti da manyan ƙahoni.

8. Zan iya kallonsu da iyali?

Kada ganin yarinya ko 'yar tsana a jikin hoton ya ruɗe ka. A Pan's Labyrinth akwai inda Vidal ya farfasa fuskar wani ɗan manomi da kwalba, akwai azabtarwa, akwai ɗinkin baki. Tumbbad yana da wuraren da ba a kallo gaban yara ko surukai, haka Onibaba da ke tambaya ta 9 yana da tsiraici. Princess Mononoke na Hayao Miyazaki, 1997, katun ne amma kibiya tana cire hannu da kai.

Waɗanda yara masu ɗan wayo za su iya ɗauka su ne Labyrinth, da The NeverEnding Story (a shirya lallashi idan dokin ya nutse a taɓo), da Spirited Away na 2001, sai Coraline na 2009 ga masu ƙarfin zuciya, inda wata uwar bogi ke son ɗinka wa yarinya maɓallai a madadin idanu. Da yawansu an gina su ne kan camfi da addinan gargajiya na mutanen da suka yi su. Uba ko uwa su fara kalla su kaɗai, su san abin da za su ce idan tambaya ta taso.

9. Tsofaffin na da, ba za su gundure ni ba?

Wasu za su gundure ka, ba a ɓoye wannan. Amma Japanawa sun yi abin da har yau ba a kamo ba. Kwaidan na Masaki Kobayashi, 1964, labarai huɗu ne na fatalwa, kusan awa uku, da kala, an zana sararin samaniyar da hannu har da idanu a cikin gajimare. Na uku shi ne na makahon mawaƙi Hoichi, wanda matattun mayaƙa ke ɗauka kullum dare ya yi musu waƙar yaƙin da suka mutu a ciki. Malaman wurin ibadarsa suka rubuce jikinsa kaf da rubutun tsari don fatalwa ta kasa ganinsa, suka manta kunnuwa. Da ɗan aiken ya zo bai ga komai ba sai kunnuwa biyu a iska, su ya tafi da su. Duk wanda ya san zancen layar zana zai ji labarin a jikinsa.

Onibaba na Kaneto Shindo, shi ma 1964, baƙi da fari ne: tsohuwa da matar ɗanta a cikin dogayen ciyayi kamar gamba, suna kashe mayaƙan da suka ɓata, su sayar da sulkensu su sayi hatsi. Daga Tarayyar Sobiyat akwai Viy na 1967, ɗalibin addini da aka tilasta wa kwana uku yana addu'a kan gawar mayya, ba shi da kariya sai da'irar alli. Mai son nishaɗi zalla ya nemi Jason and the Argonauts na 1963 ya ga faɗa da ƙwarangwal bakwai da Ray Harryhausen ya shafe wata huɗu yana motsawa da hannu, hoto bayan hoto.

10. Akwai wanda ya nuna aljanu kusa da yadda muka san zancensu?

Under the Shadow na Babak Anvari, 2016, da Farisanci. Tehran ce a ƙarshen yaƙin Iran da Iraƙi, makamai masu linzami na faɗowa, an tura miji bakin daga, mata da 'yarta suka rage a bene maƙwabta na ta guduwa. Wani makami ya huda rufin bai fashe ba, daga nan 'yar tsanar yarinyar ta ɓace. Maƙwabciya ta ce iska ce ke kawo su, kuma idan suka ɗauki abin da kake ƙauna ba za su rabu da kai ba. Babu fitilar Aladdin, babu biyan buƙata uku. Abin da ke bin su mayafi ne kawai yana yawo, kuma uwar, wadda ta yi karatun likita ba ta yarda da irin wannan ba, tana rasa tabbacinta sannu a hankali.

11. Na samu fim ɗaya da tsawo daban-daban. Wanne ne na gaskiya?

Wannan ciwo ne na wannan layin, domin kamfanoni sun sha yanke su don tsoron asara. Legend yana da uku: na Amurka mai kusan minti 90 da kiɗan Tangerine Dream, na Turai da kiɗan Jerry Goldsmith, sai na darakta da ya fito a 2002 mai kusan awa biyu. Na ƙarshen ya fi ma'ana. Kwaidan an taɓa cire masa labari guda sukutum, na matar dusar ƙanƙara, lokacin da aka kai shi Amurka. Idan naka labarai uku ne, an rage maka. Kafin mai turi ya zuba maka a waya, duba tsawon.

Game da harshe, fassarar baki irin ta Indiya-Hausa tana da daɗinta a fim ɗin faɗa da barkwanci, amma waɗannan da shiru suke aiki, kuma mai fassarar da ba ya barin shiru zai kashe su. Gara muryar asali da rubutu a ƙasa. Del Toro da kansa ya zauna ya rubuta fassarar Turancin Pan's Labyrinth saboda bai ji daɗin wadda aka yi wa fim ɗinsa na baya ba.

12. Na gama Pan's Labyrinth. Abin da Ofelia ta gani gaskiya ne ko tunaninta ne? (Wanda bai kalla ba ya tsaya a nan.)

Masu cewa tunani ne suna kafa hujja da wurin ƙarshe: Vidal ya iso tsakiyar kangon ya ga yarinyar riƙe da jariri tana magana ita kaɗai. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai a tuna ta zuba masa maganin barci a abin shansa, yana tangaɗi ya iso, kuma tun farkon fim ɗin mutum ne da ba ya ganin komai sai agogon ubansa da sunan da zai bari.

Ɗaya ɓangaren suna da abubuwa uku. An kulle ta a ɗaki da mai gadi a ƙofa, amma ta ɓulla a ɗakin Vidal, kuma ba wata hanya sai ƙofar da ta zana da alli. Lokacin da yake bin ta, bangon kangon ya buɗe mata ya rufe masa. Sannan saiwar da ta ajiye cikin madara ƙarƙashin gadon uwarta: tana nan uwar na samun sauƙi har likita na mamaki, ana jefa ta a wuta naƙuda ta taso. Del Toro ya faɗa a hirarraki cewa a wajensa abin da gaske ne, amma ya gina fim ɗin yadda kowane ɓangare zai samu abin riƙewa.

A kallo na biyu, bar wannan gardamar ka bi masu ƙin bin umarni. Likitan da ya yi wa fursuna allurar hutu maimakon ya farfaɗo da shi don a ci gaba da azabtarwa, Mercedes mai aikin gida da wuƙarta a naɗe cikin ɗamara, da Ofelia da ta hana a ɗiga jinin ƙaninta ko da ɗigo ɗaya ne, alhali an ce mata shi ne kuɗin shiga masarautar. Sai kuma ka duba busasshen ɓauren nan da ta kashe ƙaton kwaɗon da ke cikinsa, ka ga abin da ya fito a reshensa a hoton ƙarshe.